Tarihin Tukunyar Mutan Katsina

Duk lokacin da aka ce za a ba da tarihin birnin Katsina, abin da muka saba ji shi ne labarin sarakai da malamai da mayaƙa. A ambaci Muhammadu Korau, a ambaci Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, a ambaci Ummarun Dallaje da Sarki Dikko, a nuna wa baƙo hasumiyar Gobarau, shi ke nan wai an gama tarihi. Ni kuwa tambayata ita ce, duk waɗannan bayin Allah me suka ci? Wa ya surfa, wa ya daka, wa ya tuƙa? Ai ba a gina ganuwa da yunwa ba, ba a kuma yi karatu da ita ba. Saboda haka yau tarihin madafa za mu yi, domin shi ne namu, kuma a cikinsa akwai darasin da ya shafi kuɗin cefanen da maigida zai ajiye miki gobe da safe.

Mu fara da gero, tunda shi ne babba. Masu binciken kayan tarihi sun tono tsofaffin tukwane a arewacin ƙasar Mali, suka sami alamun ƙwayar gero a jikinsu, wanda ya nuna an fi shekara 4,000 ana noma shi a wannan yanki namu na bakin hamada. Daga nan ne ma ya yi tafiya har ƙasar Indiya. Wani matafiyi kuma mai suna Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, ya kammala littafinsa a shekarar 1526, a ciki ya kawo zancen ƙasar Katsina, ya ce ƙasa ce mai yawan gero da sha'ir. Kin ga ke nan, shekara ɗari biyar da suka wuce, baƙon da ke nesa ma da hatsi ya san mu.

Kakanninmu ba don rashin wayo suka riƙe gero ba. Ƙasarmu jigawa ce, yawancinta rairayi, damina kuwa wata huɗu ce in ta yi kyau. Gero cikin wata uku ya nuna, kuma in ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci yakan daure ya jira. Bayansa dawa ta biyo, ƙaura da farfara, sai maiwa. A tsakanin kunyoyi a shuka wake, wanda yake ƙara wa ƙasa ƙarfi. In an yi girbi, mutane su ci tsaba, awaki da tumaki su ci harawa da dusa, kara a yi darni da shi ko a hura wuta, tokar a tace a yi ruwan toka na miya, kashin dabbobi kuma da sharar gida a ɗora wa jaki a mai da gona. Ba abin da ake zubarwa. Hatsin kuwa a dami ake zuba shi cikin rumbu, ba a sussuke ba, domin a haka yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba.

Ko ganuwar birnin nan in kin lura da batun ciki aka gina ta. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a shekarar 1851. Ya rubuta cewa kewayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14, alhali mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba, domin a lokacin yaƙe-yaƙe sun rage garin, kasuwanci kuma ya koma Kano. Yawancin filin da ke cikin ganuwar gonaki ne. To ko a zamanin da garin yake cike, ba a taɓa cika shi da gidaje ba. Haka biranen Hausa suke, ana barin fili a ciki da gangan saboda in abokan gaba sun kewaye gari, a rufe ƙofofi a yi noma a ci. Mutanen da sun san cewa garin da abincinsa ke hannun wani, mabuɗin ƙofarsa ma yana hannun wani.

Wannan ke nan game da tuwo. Miya kuwa rabinta a kan bishiya take. Manomin da ba ya sare kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a gonarsa. Kuka ta ba da miya, tsamiya ta ba da kunu, gawo ya zubar da ganyensa da damina ya zama taki, sannan bai tare wa shuka rana ba. Ɗorawa kuwa ita ce uwar ɗaki. A sha garinta, ɓawon a yi makuba da shi a yi daɓe, 'ya'yan kuma, wato kalwa, su ne daddawa. Aikin daddawa ba na raguwa ba ne. A dafa kalwa wuni guda har ta yi laushi, a surfa ta a fid da ɓawo, a wanke, a sake dafawa, a zuba a masaki a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa ta yi wannan ƙamshi da kika sani, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Wadda ba ta sami kalwa ba ta yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Da kaka kuma a yanka kuɓewa a shanya, a tara karkashi da rama da zogale, yadda ko rani ya yi tsanani tukunya ba za ta kwana ba miya ba.

Kada wata ta ɗauka ina nufin tukunyarmu ba ta taɓa karɓar baƙo ba. Ta karɓa mana, ai ta Dikko ɗakin kara ce. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, sai bayan shekarar 1492 jiragen ruwan Turawa suka fara yawo da su, a hankali suka iso mana. Alkama kuwa da irin su taliyar hannu, hulɗarmu da fataken Larabawa masu ƙetaro hamada ce ta kawo su, domin Katsina babban zango ne a kan hanyar Agadas. Da ita ake yin alkaki da funkaso, abincin biki da na gidan sarauta. Amma ki lura da abu ɗaya. Duk baƙon da ya zo a wancan zamani, iri ne ya zo. Mun karɓa mun shuka a gonarmu da fadamarmu, ya zama ɗan gida. Yau wa zai ce ƙuli-ƙuli ko yaji baƙi ne? Wannan shi ne bambancinsu da baƙin da suka zo daga baya a cikin kwali da gwangwani, waɗanda kullum sai an saya, ba a shuka su.

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Ba su hana kowa cin tuwo ba, amma sun kawo abin da ya taɓa rumbu, wato haraji da tsabar kuɗi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanoni suka buɗe cinikin gyaɗa, sai manomi ya ga hanyar samun kuɗin haraji ita ce ya rage gonar hatsi ya shuka gyaɗa, a kudancin Katsina kuma wajen Funtuwa da Malumfashi auduga. Ba a daɗe ba ruwa ya yi ƙaranci a daminar 1913, shekarar 1914 aka shiga yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu yawan gaske a ƙasar Hausa. An sake yin wata a 1927, aka kuma yi wadda ake ce wa 'Yar Gusau a 1942. Wani malamin jami'a mai suna Michael Watts, wanda ya zauna ya yi bincike a Kaita nan kusa da mu, ya fitar da littafi a 1983 a kan waɗannan yunwoyi. Abin da ya nuna shi ne, fari daɗaɗɗen abu ne a ƙasarmu, amma a da akwai abubuwan da ke tare mutane kafin su faɗi, kamar tsohon hatsi a rumbu, da hatsin zakka, da taimakon dangi da na masu gari. Da aka koma noman sayarwa da biyan haraji ko an yi amfani ko ba a yi ba, sai waɗannan madogarai suka yi rauni.

A duk wannan zamani, su wa suka riƙe abincin gari? Mata ne, kuma daga cikin gida. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa a shekarar 1967, ta rubuta littafi a kan rayuwar garin wanda ya fito a 1972. Abin da ya ba ta mamaki shi ne, ta tarar mafi yawan cinikin hatsi da abinci ba a fili ake yin sa ba, a cikin gidaje ne, a hannun matan da ke cikin kulle, yara ne 'yan aike. Wannan gida ana fura, wancan ana man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na gaba ana daddawa ko ƙosai. Ita ta ga abin mamaki, mu kuwa a ciki muka tashi. Ni kaina na taso na tarar a unguwarmu kowane gida da abin da aka san shi da shi, har yaro ba a faɗa masa sunan maigida, sai dai a ce je ka gidan mai hura, kamar yadda bakinmu na Katsinawa ke faɗa. Da wannan sana'a uwaye suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka yi biki da suna, ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Babban juyin da ya sauya tukunyarmu ya zo ne a cikin shekaru kaɗan. A 1973 aka yi mummunan fari, dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta gama da ita, dalar gyaɗa ta zama labari. A daidai wannan lokaci kuma kuɗin man fetur suka cika ƙasa, ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji a 1975, naira ta yi ƙarfi, jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafa da alkama da madara daga ƙasashen waje da arha. Shinkafar da a da sai ranar Salla ko ranar da aka yi babban baƙo, sai ga ta ta zama ta kullum a gidan ma'aikaci. Burodi da shayi suka ture koko da ƙosai. Dunƙulen Maggi, wanda asalinsa daga ƙasar Suwizalan ne, ya shige gaban daddawa. Daga baya, taliyar yara irin su Indomie ta shigo, ta kama 'ya'yanmu kamun da har yau ba ta saki ba. Gwamnati ta yi ta kiran a koma gona, an yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi na Shagari a 1980, amma baki ya riga ya ɗanɗana.

A nan dole a faɗi gaskiya, ba don lalaci kawai mata suka karɓi shinkafa ba. Wadda ta taɓa tashi da asuba ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi bakace, ta wanke, ta shanya, ta durƙusa a kan dutsen niƙa, sannan ta tsaya cikin hayaƙi tana tuƙi, ita ta san abin da tuwo ke ci a jikin mace. Shinkafa kuwa wanki ne da ɗorawa a wuta, kuma ba ta cin itace da yawa. Saboda haka uwayenmu da suka ga sauƙi suka karɓa, ba su yi laifi ba. Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da sauƙi ya koma girman kai, aka fara kallon tuwon dawa miyar kuka a matsayin shaidar talauci. Amarya ta ji kunyar ƙawayenta su zo su tarar tana kaɗa kuka. Garar da a da ake kai wa da alkaki da nakiya da man shanu da daddawa da buhun gero, ta koma kwalaye na taliya da makaroni, har ana ƙirga su a gaban jama'a. Daga nan ne yarinya ta fara tashi a gidansu ba ta taɓa riƙe muciya ba.

To amma abin aro ba ya rufe katara. Da kuɗin mai suka ja baya, gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa a 1985, ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta faɗi, a 1987 kuma aka hana shigo da alkama, shekarar da aka ba mu jihar Katsina. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna yadda burodi ya gagari mutane. Aka sake maimaitawa a watan Agusta na 2019 da aka rufe kan iyaka, har da ta Jibiya, sai a Disamba 2020 aka fara buɗe wasu, ta Jibiya kuwa sai a 2022. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta sake faɗuwa, bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Nijar aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Kowane karo, gidan da ya fi jin jiki shi ne wanda bai san wani abinci ba sai na kwali. Shinkafa dai yanzu ana noma ta da yawa a Kabi da Jigawa da Kano, amma alkamar da ake yin fulawa da taliya da burodi, kusan dukanta daga waje take zuwa, da dala ake sayenta.

Gero da dawa ma sun yi tsada a waɗannan shekaru, ba wadda za ta musa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne 'yan bindiga da suka hana manoma shiga gonakinsu a wajajen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya da Faskari. Abin ya kai ga ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwa cewa a cikin wata shida na farkon 2025, yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Wannan ba laifin uwa ba ne, nauyi ne a wuyan hukuma, kuma ba girki ne zai kawo tsaro ba. Amma a cikin abin da ke hannunmu, yana da kyau mu sani cewa gero ya fi farar shinkafa sinadarin da ke ƙara jini, domin ita an goge mafi yawan amfaninta tare da dusar. Daddawa da wake da gyaɗa suna gina jiki, dunƙule kuwa yawancinsa gishiri ne. Kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, irin wanda ma'aikatan asibiti ke koya wa masu yaye, ya fi wa yaro amfani nesa ba kusa ba a kan taliyar da aka dafa da ruwa da yaji kawai.

Abin dariya kuma abin takaici, muna jin kunyar gero duniya tana nemansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 sukutum ta zama shekarar gero da danginsa, bisa shawarar ƙasar Indiya, saboda an gane cewa yayin da zafi ke ƙaruwa, ruwa ke raguwa, irin wannan hatsi ne zai riƙe mutane. 'Yan'uwanmu na Maraɗi kuwa, waɗanda da yawansu Katsinawa ne da suka koma can bayan jihadi, tun bayan farin 1984 suka koma ga dabarar barin kututturen itace ya tofo a cikin gona maimakon a tumɓuke shi. Da wannan dabara an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a ƙasar Nijar, gonakin da suka mutu suka tashi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba cewa nake a koma kan dutsen niƙa ba, 'yar'uwa. Allah ya kawo inji, ya kawo na'urar markaɗe, mu yi amfani da su. Ba kuma cewa nake a daina dafa shinkafa da taliya ba. Abin da nake tsoro shi ne ilimin ya mutu. Iri in ya ɓace ana iya samo shi a wani gari, amma hannun da ya san yadda ake daddawa, ya san lokacin da ruɗe ya isa a zuba gari, ya san turara dambu da burabusko, in ya shiga ƙasa bai koya wa kowa ba, shi ke nan. Tsara ɗaya tak ta isa a rasa abin da aka yi shekara dubu ana tarawa. In kina da kaka ko gwaggo ko uwar miji da ta iya, ki ajiye waya ki ja kujera ki zauna kusa da ita, ki ce Inna koya mini. Ba za ta hana ki ba, daɗi ma za ta ji.

Sannan ki shawarci maigida, da kaka lokacin da hatsi ke araha a kasuwannin ƙauye da 'Yar Kutungu, a daure a sayi ko tiya ashirin ce a ajiye. Wake a zuba shi a buhun nan mai ninki uku, ba sai an sa masa maganin ƙwari ba. Ki shanya kuɓewarki da tumatirinki da kanki. In kina da ɗan fili a tsakar gida, ko bayan ɗaki ne, ki kafa zogale, ruwan wanke-wanke ya ishe shi. In kin tashi sayen daddawa ko man gyaɗa ko fura, ki aika gidan maƙwabciyarki mai yi, kuɗinki ya zauna a unguwa. Mafi girma duka, ki saba wa yaranki da tuwo da kunu tun bakinsu bai san wani abu ba, kuma ranar da ƙawayenki suka zo, ki ajiye musu malmalar tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, kanki a ɗage.

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mutanen da suka bar gonaki a cikin ganuwa sun san ma'anar wannan magana. Yau gidaje sun cinye waɗannan gonaki, gari ya fita ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya ya wuce, ganuwar ma saura kaɗan. Abin da ya rage mana shi ne madafa, kuma mabuɗinta yana hannunmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, manoma su koma gonakinsu, amin.